Mako bakwai da na yi ina raba sinadarai biyu masu nauyi ɗaya

Aikin da aka ba ni a shekarar ƙarshe ta karatun kimiyyar sinadarai bai wuce layi biyu a takarda ba: in haɗa fenol da tsarmamammen asid na naitirik, in raba abin da ya fito ta hanyar kuromatogirafi, wato dabarar raba gauraye inda ruwa ke ratsawa da shi ta cikin wani gari mai riƙe wasu sinadarai fiye da wasu, sannan in tabbatar da sunan kowane sinadari da na samu. Na zaci mako guda zai ishe ni, amma sai da ya ci mini mako bakwai, kuma fiye da rabin wannan lokaci ya tafi ne a kan kurakuran da ba zan yi su ba da a ce wani ya zaunar da ni tun farko ya yi mini bayani. Abin da ke fitowa daga wannan haɗi galibi sinadarai biyu ne, 2-naitirofenol da 4-naitirofenol. Ƙwayoyin zarran da suka gina su iri ɗaya ne, adadinsu ɗaya, nauyin kowanne 139, bambancinsu kawai shi ne wurin da ɓangaren naitiro, wanda asid ɗin ya maƙala, ya zauna a jikin zoben kabon na fenol. Wannan ɗan bambanci shi ne tushen duk wahalar da na sha, shi ne kuma ya sa rabuwar ta yiwu.

Kafin a bar ni in taɓa ko kwalba ɗaya sai da na cike takardar tantance haɗari. Ana buƙatar mutum ya nemo takardar bayanin kariya ta kowane sinadari da zai yi aiki da shi, ya rubuta illarsa, da abin da zai sa a jikinsa, da matakin da zai ɗauka idan ya zube, da inda zai zubar da ragowarsa. Na cike tawa cikin sauri na kai wa malamin da ke kula da aikina, bayan kwana biyu ta dawo mini babu sa hannu. Abu biyu na bari. Na farko, ban rubuta cewa fenol yana ƙona fata kuma yana kashe jin zafi a wurin da ya taɓa ba, har mutum ya ƙone bai sani ba. Na biyu, na haɗa duk ruwan narkarwar da zan zubar a tulu ɗaya, alhali mai kulorin a ciki, irin su daikuloromitan, tulunsa dabam ne. Na gyara, na sake jira kwana uku, sannan aka sa hannu. Da wannan takarda ce na je ma'ajiyar sinadarai na cike wata ta karɓar kaya, aka ba ni garin silika, da farantan TLC na gwada rabuwar sinadarai, da ruwan narkarwa iri biyu, hekzen da etil asitet. Ma'aikacin ɗakin gwaji, wani dattijo da ya daɗe a wurin, shi ya nuna mini akwatin zuƙe tururi, ya kuma gargaɗe ni cewa ko auna silika zan yi in yi a cikinsa, domin ƙurarta tana lahanta huhu.

Haɗin kansa bai ba ni wahala ba. Na sa kwalbar cikin ƙanƙara, na riƙa ɗiga fenol a hankali don kada zafi ya haura digiri 20, na tsamo abin da ya fito da daikuloromitan, na busar da shi da gishirin sodiyam salfet. Abin da ya rage mini wani baƙin mai ne mai danƙo, giram 1.2, wanda ba wanda zai dube shi ya ce akwai tsabtataccen abu a ciki.

A kan farantin TLC na fara jin kunya. Farantin ɗan ƙaramin gwangwanin alminiyam ne da aka shafe fuskarsa da siririyar silika, ana ja masa layi kusa da gindi, a ɗiga samfuri a kan layin, a tsayar da shi cikin kwalba mai ɗan ruwan narkarwa a rufe, ruwan ya riƙa hawa yana ɗauke da sinadaran. Da biro na ja layina. Ruwa na fara hawa sai tawadar ta bi shi, ta rabu shuɗi da ja da shanshanbale, ta lulluɓe duk abin da nake nema. Dattijon ya leƙo ya yi dariya, ya ce mini ai na riga na yi kuromatogirafi, sai dai ta tawada. Daga bakinsa na fara jin cewa haka abin ya samo suna: wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tsvet, shi ya zuba ruwan ganye a bututu cike da garin alli ya ga launuka sun rabu hawa-hawa, a 1906 kuma ya raɗa wa hanyar suna daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin launi da rubutu. Fensir ake amfani da shi, domin baƙinsa ba ya narkewa. Faranti na biyu na lalata shi da zuba ruwa mai yawa a kwalbar har ya haura layin, samfurin ya narke ya koma cikin ruwan. Na uku kuwa na ɗiga samfuri mai kauri ƙwarai, maimakon ɗigo-ɗigo sai na ga doguwar jela daga ƙasa har sama. Sai a na huɗu, bayan na tsarma samfurin sosai na kuma taɓa farantin da bakin siririn bututun gilashi sau ɗaya tak, na ga ɗigo uku a rabe ƙarƙashin fitilar UV, mai hasken da ke bayyana ɗigon da ido ba ya gani, mai tsawon zango nanomita 254, da wani baƙin tabo da ya ƙi motsi daga kan layi.

A nan ne na tsaya na fahimci abin da ke faruwa, kuma ina ganin duk wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta aiki ne da ka. Fuskar silika cike take da ɓangarorin haidurojin da iskar oksijin masu kama duk sinadarin da ke da irinsu. Ruwan narkarwa yana jan sinadari gaba, silika tana riƙe shi baya, wanda ta fi riƙewa shi ke zama a ƙasa. A jikin 2-naitirofenol irin wannan ɓangare na haidurojin da oksijin da ɓangaren naitiro maƙwabtan juna ne, sai haidurojin ɗin ya kama oksijin na naitiro da ke kusa da shi, hannunsa ya cika, ba shi da sauran abin da zai kama silika da shi sosai, don haka yake saurin wucewa. A jikin 4-naitirofenol kuwa sun yi nisa da juna, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan, haidurojin ɗin a sake yake, sai ya maƙale wa silika ya yi ta jan ƙafa. Ana auna wannan da lambar da ake kira Rf, wato nisan da ɗigon ya yi a raba da nisan da ruwan ya yi, kuma dole a ja layin inda ruwa ya tsaya nan take da an ciro farantin, kafin ya bushe ya ɓace.

Kwana biyu cur na yi ina gwada gauraye dabam-dabam na hekzen da etil asitet, kuma a lokacin na ɗauka ɓata lokaci nake yi. Da hekzen zalla kusan ba abin da ya motsa in ban da ɗigon sama, da rabi da rabi kuwa duk suka ruga sama suka cunkushe. Da kashi 20 cikin ɗari na etil asitet na sami ɗigon sama a wajen 0.65, na tsakiya a 0.4, na ƙasa a 0.2 yana ɗan jan jela, jelar kuma ta ragu da na ƙara ɗigo kaɗan na asid na asitik. Malamina ya tuna mini da ƙa'idar da W. Clark Still da abokan aikinsa suka shimfiɗa a 1978 game da bututun da ake tura wa iska, cewa a nemi gaurayen da zai ajiye abin da ake so a wajen 0.35. Sannan ya sa na yi abin da ban taɓa tunaninsa ba: a faranti guda na ɗiga samfurina a hagu, fenol na asali a dama, a tsakiya kuma na ɗiga su biyun a wuri ɗaya. Ɗigon tsakiya bai rabu biyu ba, abin da ya nuna ragowar fenol ne da bai shiga haɗin ba. Na tambaye shi, “Malam, ke nan na tabbatar?” Ya ce a'a, na dai sami shaida ɗaya, domin sinadarai biyu mabambanta suna iya tsayawa wuri guda a gauraye guda.

Bututuna na farko ya lalace, kuma laifina ne. Na toshe gindinsa da ɗan auduga, na zuba yashi kaɗan, na dama silika giram 60 da hekzen, wato ninki hamsin na nauyin samfurin, na zuba a bututu mai faɗin santimita uku, na riƙa bubbuga gefensa har ta zauna. Komai ya tafi daidai har zuwa lokacin da na narkar da baƙin man nan a ruwa mai yawa na tuttula shi a sama, maimakon in sa shi a ɗan ƙanƙanin ruwa ya zauna siriri. Tun daga nan zoben launin da samfurin ya yi a cikin bututun ya yi faɗi. Bayan haka aka kira ni waje, na bar famfon a buɗe, da na dawo bayan kamar minti goma ruwan ya sauka ƙasa da saman silika, iska ta shiga, ginshiƙin ya tsage daga sama zuwa tsakiya. Ruwa kuwa hanya mai sauƙi yake bi, sai ya riƙa gangarowa ta tsagar, launin rawaya ya karkace, duk kwalaben da na tara suka fito a gauraye. Na tsaya ina kallon aikin yini guda ya tafi a banza, ga warin hekzen ya sa mini ciwon kai, ban ma iya cewa komai ba. Abin da ya rage mini shi ne in haɗa kwalaben duka, in ƙafar da ruwan, in sake daga farko, da sabuwar takardar karɓar silika da kuma bayanin abin da ya faru da ta farko.

A karo na biyu dattijon ya koya mini ɗora samfuri a bushe. Ana narkar da shi, a zuba masa silika kamar giram uku, a ƙafar da ruwan har ya zama gari mai zuba, sannan a barbaɗa garin a saman ginshiƙin a rufe da yashi. Na jera ƙananan kwalaben gwaji arba'in, na sa musu lamba tun kafin in buɗe famfo, na ajiye ruwan narkarwa fiye da yadda nake zato zan buƙata a kusa da hannuna, na kuma ƙudurta ba inda za ni. Na fara da kashi 10 cikin ɗari na etil asitet. Ban taɓa mantawa da yadda zoben rawaya mai haske ya ɓalle daga baƙin tabon ya riƙa saukowa a miƙe ba, baƙin kuma ya tsaya cak a sama. Ina tarar mililita 15 a kowace kwalba, rawayan ya fito tsakanin ta tara da ta goma sha huɗu. Daga nan ruwa ya koma fari, kuma a nan ne da na yi wani kuskuren, domin na ɗauka an gama. 4-naitirofenol kusan ba shi da launi a irin wannan yanayi, ido ba ya ganinsa yana saukowa, sai faranti. Na ƙara etil asitet a hankali zuwa kashi 30, na riƙa ɗiga kwalabe shida-shida a faranti ɗaya ina dubawa. Fenol ya fito a tsakiya, kwalabe biyu suka fito a gauraye na ware su gefe, na ƙarshen kuma ya fito daga ta ashirin da bakwai zuwa ta talatin da shida. Da na kara farantin a bakin kwalbar amoniya sai ɗigonsa ya koma rawaya shar, wanda hali ne sananne na wannan sinadari idan ya haɗu da abin da ke kishiyar asid. Awa biyar na yi a tsaye.

Kuskuren da ya fi ci mini rai ya zo ne bayan na ɗauka na ci nasara. Na haɗa kwalaben rawaya na kai na'urar ƙafar da ruwa mai juyawa, na sa ruwan wankanta a digiri 50, na buɗe injin zuƙe iska har ƙarshe, na bar shi ya daɗe don in tabbatar ya bushe sarai. Da na dawo kwalbar kusan wayam, tulun da ke tarar ruwan da aka ƙafar kuwa ya yi rawaya. Wannan haɗin cikin gida da ya sa 2-naitirofenol bai kama silika ba, shi ne kuma ya sa ƙwayoyinsa ba sa kama junansu, don haka yake saurin tashi ya bi tururi. Bayanin yana cikin littafin da na karanta, na ma rubuta shi a jarrabawa, amma ban haɗa shi da na'urar da ke gabana ba. Sai da na sake haɗin daga tushe, na sake bututu na uku, wannan karon na bar ruwan wankan a ƙasa da digiri 30, na tsaya a kai, na kashe da zarar ruwan ya ƙare. Da kwalbar ta huce sai siraran ƙanƙara rawaya kamar allurai suka fito a jikinta.

Yanzu ina da gari biyu masu tsabta a faranti, saura suna. Na fara da auna zafin narkewa. Na ƙarshen ya narke tsakanin digiri 112 da 114, daidai da abin da aka sani na 4-naitirofenol. Rawayan ya narke a 44 zuwa 45, wanda ya dace da 2-naitirofenol, sai dai malamina ya nuna mini cewa fenol kansa a wajen 41 yake narkewa, tazarar ba ta da yawa ga ma'aunin zafin da ba a daidaita shi kwanan nan ba. Maganin wannan shi ne a gauraya samfurin da sinadarin asali da ake zato, a sake aunawa: in abu ɗaya ne zafin ba zai canja ba, in kuwa dabam ne zai sauka ya kuma bazu. Nawa bai canja ba.

Na'urar HPLC, wadda ke yin kuromatogirafi ta hanyar tura ruwa da ƙarfi cikin siririn bututu, tana wani ɗaki, kuma ba a barin ɗalibi ya taɓa ta shi kaɗai. Akwai littafin layi, akwai takardar miƙa samfuri da ke neman sunan abin da ake zato, da ruwan da aka narkar da shi, da kaurinsa, da sa hannun malami. Kwana goma sha ɗaya na jira, ranar da layi ya zo kaina kuma aka mayar da ni saboda ban tace samfurin da matacin 0.45 na maikuromita ba, domin ɗan ƙurar da ido ba ya gani yana iya toshe bututun na'urar. Ma'aikaciyar da ke kula da na'urar ta tausaya mini ta sa ni a washegari maimakon in koma ƙarshen layi. Da sakamakon ya fito sai gabana ya faɗi, domin garin da na kira mai lamba 4 shi ya riga fitowa, rawayan ya biyo baya, akasin abin da na gani a bututuna. Na kwana ina zargin kaina da musanya lambobin kwalabe. Da safe ma'aikaciyar ta yi mini bayani cewa bututun na'urar irin C18 ne, an lulluɓe silikarsa da dogayen sarƙoƙin kabon masu kama da mai, ruwan da ke gudana kuma ruwa ne da asitonaitiril da ɗan asid, saboda haka al'amarin juyewa yake yi: wanda ya fi son ruwa shi ke fara fita. Juyewar ma wata shaida ce a kan cewa ban yi kuskure ba. Ta kuma sa aka zuba sinadaran asali a rana ɗaya da yanayi ɗaya, domin lokacin fitowa ba shi da ma'ana in ba a gwada shi da na abin da aka sani ba.

Na sa rai ƙwarai a kan GC-MS, na'urar da ke raba sinadarai a tururi ta farfasa su ta auna nauyinsu, ina ganin ita za ta yanke hukunci, amma duka biyun lamba 139 suka nuna, kamar yadda ya kamata in sani tun farko. Kwamfutar ta kwatanta gutsattsarinsu da na ma'ajiyarta ta jero sunaye, har da 3-naitirofenol a cikin jerin, kowanne da makinsa, kuma na ga yadda mai gaggawa zai kwafi na saman jerin ya wuce. Abin da ya rufe maganar shi ne NMR, gwajin da ke nuna matsayin kowane haidurojin a jikin sinadari da lamba, bayan wani jiran na mako guda. Mai lamba 4 ya ba da alamomi biyu masu kai bibbiyu a wajen 8.2 da 6.9, domin gefensa biyu daidai suke kamar an naɗe takarda. Rawayan ya ba da alamomi huɗu mabambanta na zoben, da wata siririya can nesa a wajen 10.6, wadda ita ce haidurojin ɗin nan da ya kama maƙwabcinsa, wanda ya sa ya riga kowa fita daga silika, ya kuma gudu daga kwalbata.

Da zan sake wannan aiki, takardar tantance haɗari zan fara cikewa a natse, in kuma rubuta sunana a littafin layin na'urori tun ranar farko, domin jiran yana iya tafiya tare da aikin bututu maimakon ya biyo bayansa. Kwana biyun da na yi a kan faranti su ne suka fi kowane lokaci amfani, kuma ba zan ƙara zuba silika a bututu ba sai na ga rabuwar a faranti da idona. Zan karanta halayen kowane sinadari, musamman saurin tashinsa, kafin in kai shi na'urar ƙafarwa, zan kuma ajiye ɗan samfurin farko a gefe, wanda ban yi ba a karo na biyu har ya ja mini maimaita haɗin gaba ɗaya. Ba zan zubar da ko kwalba ɗaya ba sai an tabbatar da suna. A rahoton da na miƙa, malamina ya soke kalmar “na tabbatar” a duk inda na rubuta ta bayan sakamakon TLC ko na HPLC kaɗai, ya maye ta da “ya yi daidai da”, bai bar ta ba sai a shafi na ƙarshe, inda zafin narkewa da lokacin fitowa da nauyi da NMR suka taru a jadawali ɗaya.